Gulma da Tsaigumi Sun Tashi Sama, Maƙeran Azare Suna Nan a Ƙasa

Na san da wani ɗan'uwa ɗalibi ya ga kan wannan rubutu zai ce, to me ya haɗa kifi da kaska? Mujallar ɗaliban Hausa ce, an saba ganin nazarin waƙa da karin magana da gardamar ƙa'idojin rubutu, yau kuma ga wani ya kwaso mana maganar jiragen yaƙi da masana'antun makamai. A yi mini haƙuri, harshen ne da kansa ya ja ni zuwa wurin.

A watan Disamba na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya je Kaduna ya ƙaddamar da wani jirgin sama marar matuƙi wanda sojojin saman Nijeriya suka haɗa, aka raɗa masa suna Gulma. Ranar 15 ga Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaninsa a wannan gari dai, shi kuma aka sa masa Tsaigumi. Ko wane ne ya zaɓi sunayen nan ya ji Hausa, domin aikin jiragen ke nan: su je su leƙo abin da ake yi a ɓoye, su dawo su tsegunta wa iyayen gidansu. Da na ji sunayen na yi murna kamar kowa, ganin harshenmu ya hau sama. Amma da na zauna na yi tunani sai murnar ta koma ciki. An ari kalmominmu an manna a jikin jirgi, wanda shi Tsaigumin ma da taimakon wani kamfanin ƙasar Fotugal aka ƙera shi, amma sana'ar da Hausawa suka gada ta ƙera makamai, wadda ta riƙe garuruwa irin su Katagum shekara da shekaru, ba ta da ko tabarma a zauren da ake tsara wannan harka a yau. Ban ce babu Bahaushe a cikin injiniyoyin soja ba, akwai su, kuma muna alfahari da su. Maganar maƙera nake yi da masu walda da kanikawa da dukawa, mutanen da muke wucewa ta gabansu kullum a Azare.

Zauren da nake nufi shi ne ƙungiyar masu masana'antun kayan tsaro. A Nijeriya akwai irinta, ana kiran ta DIAN a taƙaice, ta haɗa hukumar ƙera makamai ta gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu. Ra'ayina shi ne muna bukatar wannan ƙungiya ƙwarai da gaske, amma in ta tsaya a ɗakunan taro na Abuja da Legas, ba ta sauko inda ake dukan ƙarfe ba, to ba za ta haifar da ɗa mai ido ba. Kuma ko ta sauko, sai an sa mata takunkumi, domin ƙungiyar da cinikinta yake ƙaruwa idan tsaro ya taɓarɓare ba abar sakar wa linzami ba ce.

Me irin wannan ƙungiya take yi?

Bari mu leƙa Ingila, inda abin ya daɗe. Suna da wata ƙungiya mai suna ADS, wadda aka kafa a 2009 bayan an haɗe wasu tsofaffin ƙungiyoyi guda uku. Mafi tsufa daga cikinsu ta samo asali ne tun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da masu ƙera jiragen sama suka ga gara su haɗa kai su riƙa magana da gwamnati da baki ɗaya. Kamfanonin da ke cikinta sun haura dubu, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne mafi yawansu ƙanana ne. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin yaƙi guda ɗaya yana da dubban ɓangarori, kuma kamfanin da sunansa yake jikin jirgin ba shi ne yake ƙera kowane ƙusa da kowace waya ba. Akwai wani ƙaramin wurin aiki a wani ƙauye da ba ya yin komai sai wani irin noti, wani kuma roba kawai yake yankawa, wani fenti. Babban kamfani haɗawa yake yi.

To ƙungiyar ita ce dillaliya tsakanin waɗannan mutane. Ita take zuwa majalisa da ma'aikatu ta yi magana a kan kasafin kuɗi da haraji da dokar fitar da kaya waje. Ita take shirya baje kolin jiragen sama na Farnborough da ake yi duk bayan shekara biyu, inda masu saye daga ko'ina a duniya suke zuwa. Tana tattara alƙaluma a kan yawan ma'aikata da yawan ciniki, tana kuma sa baki a horar da yara masu koyon sana'a. Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na awo da inganci. A 2006, tun kafin a haɗe ƙungiyoyin, aka fito da wani tsari mai suna SC21, wanda manufarsa ita ce a ɗauki ƙaramin mai ƙira a nuna masa matsayin da ake so aikinsa ya kai, a riƙa auna shi a kan ingancin kaya da cika alƙawarin lokaci, har ya samu shaidar da manyan kamfanoni suka yarda da ita. Wato ƙaramin maƙeri ba sai ya san wani babban mutum ba kafin ya samu aiki, takardarsa ce take yi masa magana.

Kada a ce ai Ingila ce, tsohuwar mai mulkin mallaka. Turkiyya fa? Amurka ta hana ta makamai a 1975 saboda rikicin tsibirin Kubrus, sai haushin haka ya sa suka kafa kamfanin Aselsan a wannan shekarar, suka kuma kafa ƙungiyar masu masana'antun tsaro mai suna SaSaD a 1990. Yau Nijeriya da Nijar duk sun sayi jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar daga wurinsu. Haka Barazil: kamfanin Embraer an kafa shi a 1969, ƙungiyarsu ta ABIMDE kuma a 1985. Jiragen Super Tucano guda 12 da suka iso Nijeriya a 2021 ƙirar Embraer ne, ko da yake a Amurka aka haɗa su. A riƙe wannan shekara ta 1969 a ka, za mu dawo gare ta.

Mu ma fa mun taɓa yin irinta

Abin da ya sa nake ganin wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu shi ne, idan aka cire kwat da takardu, aikin Sarkin Maƙera ke nan. Ɗaliban nahawu sun san Philip Jaggar da littafinsa na nahawun Hausa, amma ba kowa ya san cewa da maƙeran birnin Kano ya fara bincikensa ba, har ya fitar da littafi a kansu a 1994. Tsarin da aka sani a manyan biranen ƙasar Hausa shi ne, sarki ba ya bin maƙera ɗaya bayan ɗaya. Idan ana shirin yaƙi Sarkin Maƙera ake kira, shi zai tara mutanensa ya raba musu aiki, wannan masu, wannan kibau, wannan linzami da likkafa. Ta hannunsa haraji yake bi, shi yake sasanta rigima tsakanin maƙera, shi kuma yake kai kukansu fada. Ya san gidan kowa, ya san wanda ya koya wa kowa, kuma in aka kawo masa wuƙa yana iya faɗin maƙerar da ta fito. Akwai kuma rabon aiki tsakanin maƙeran baƙi masu dukan ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Wakilci, da awo, da horar da yara, da rajistar 'yan sana'a, duk ga su nan, illa dai ba a rubuce suke ba.

Kuma kada a ɗauka wasan yara ake yi. A watan Janairun 1824 Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdullahi, ya sauka a garin Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa, abokin tafiyarsa Dokta Oudney ma a kusa da nan ya rasu. Abin da ya rubuta shi ne tun da suka baro Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin kariya kamar Katagum ba: ganuwa biyu, gwalalo uku, ƙofofi huɗu. Ya kuma ce an shaida masa ƙasar tana iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000, masu baka da takobi da mashi. Ko da an yi ƙari a lissafin, mai karatu ya tsaya ya auna. Kowane doki yana bukatar linzami da likkafa da sirdi, kowane baka yana bukatar kwari cike da kibau, kowane takobi yana bukatar kube da hamila. Wa ya yi waɗannan? Gaskiya ne ana shigo da ruwan takubba da sulke ta Sahara, amma mafi yawan kayan a nan ake yin su, a nan kuma ake gyara su. Garin da Malam Zaki ya kafa a bakin iyakar Borno bai rayu da addu'a kaɗai ba, akwai maƙera da dukawa da maɗinka lifidi a bayansa, kuma akwai tsarin da ya haɗa su.

A wannan ziyara dai Clapperton ya ba da labarin yadda ya harba bindigarsa sau biyu a gaban sarki ya sami abin da ya auna daga nesa, sarki ya nemi tsari ya kuma yafa masa riga. Ni a ganina tarihin shekara ɗari da suka biyo baya yana cikin wannan ɗan labari. Makamin da ya fi namu ya iso, mun yaba, mun ba da tukwici, amma ba mu zauna mun kwance shi mun ga cikinsa ba. Wanda ya gwada yin haka da gaske shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa ana haɗa albarushi a Zinder, ana kuma zuba igwa da hannun maƙeran gari. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels suka taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, a 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, Katagum ta bi. Daga nan ƙera makami ya tashi daga aikin fada ya koma laifi. Lokacin da aka mayar da hedikwatar masarauta Azare a 1916, maƙeri ya riga ya koma mai garma da lauje da fartanya. Dokar Makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita har bayan samun 'yanci, ta ƙara tabbatar da haka: ba mai ƙera bindiga ko gyara ta sai da izinin hukuma.

Gwamnatin Nijeriya ta kafa nata gidan ƙira a Kaduna a 1964, wato DICON, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina masana'antar a Kakuri. Ta yi aiki sosai lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare sai aka manta da ita, har ta kai ana yi mata ba'a da cewa kujeru da tebura take yi. Ga inda 1969 take dawowa: DICON ta girmi Embraer da shekara biyar, amma mu ne muka je da kuɗinmu muna layin sayen jirgin Embraer. Mu 'yan Jihar Bauchi kuwa ba sai an ba mu labari ba. An kafa kamfanin Steyr a garin Bauchi a ƙarshen shekarun 1970 domin haɗa manyan motoci da taraktoci, aka kuma gina wata masana'anta ta musamman domin haɗa motoci masu sulke na soja, wadda ta shafe shekaru ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da rashin ƙarfen Ajaokuta da sauye-sauyen gwamnati. Amma akwai dalili ɗaya da ba a cika faɗa ba. An dasa waɗannan masana'antu ne kamar bishiya a cikin tukunya. Komai daga waje yake zuwa a cikin akwati, ba wani ƙaramin mai ƙira a Bauchi ko Azare ko Misau da abincinsa ya rataya a kansu. Saboda haka da suka durƙushe ba wanda ya yi kuka sai ma'aikatan ciki. Da akwai wuraren aiki ɗari biyu da suke sayar musu da kaya, kuma suna da ƙungiya, da 'yan majalisa ba su yi barci ba.

Kuɗin wannan sakaci mun biya shi da jini. Mutanen Azare ba za su manta da 2014 ba. A watan Oktoba bam ya tashi a tashar mota, a farkon Nuwamba wani ya tashi a layin masu cirar kuɗi a bakin wani banki, ranar 16 ga Nuwamba kuma aka kai hari Kasuwar Jagwal ta masu wayar hannu. A wannan shekarar ce fa Nijeriya take yawon neman makami a duniya kamar mai neman gishiri a maƙwabta. Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. A watan Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar tafiyar ma muka fara neman inda ake shuka duma.

Ba zan yi rashin adalci in ce ba a yi komai ba tun daga lokacin. Sojan ruwa sun gina jiragensu a Legas, Andoni a 2012 da Karaduwa a 2016. An ƙaddamar da mota mai sulke ta Ezugwu a Kaduna a ƙarshen 2019. Kamfanin Proforce a Jihar Ogun yana ƙera motoci masu sulke, Innoson na Nnewi ya yi wa sojan sama wasu kayan gyaran jirage. A watan Nuwamban 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu, ta kuma ba hukumar ikon sa ido a kan masu ƙera kayan tsaro. Amma mai karatu ya duba taswira. Ban da Kaduna, ina sauran Arewa? Yankin da ya fi kowa shan wuyar rashin tsaro shi ne ya fi kowa nisa da cinikin kayan tsaron.

Abin da nake so ƙungiyar ta yi

Kafin wani ya zarge ni, ba ina cewa a ba maƙeran Azare lasisin ƙera bindiga ba ne. Kayan tsaro ba bindiga kaɗai ba ne, hasali ma bindiga ƙaramin kaso ce a cikin abin da soja da ɗan sanda suke amfani da shi kullum. Akwai gadon bariki, da ƙofa da taga, da tankin ruwa, da sandunan tanti, da shingen ƙarfe na kan hanya, da tirela, da akwatin kaya, da murhun dafa abincin bataliya. Akwai bel da jaka da takalmi, aikin dukawa ke nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda a Azare ya ga yadda suke haɗa injin casar masara ko na sussukar gero daga ƙarafunan tsohuwar mota, ya san waɗannan abubuwa ba su fi ƙarfinsu ba. Masu takalma na Aba sun taɓa samun odar takalman soja, kuma ba sihiri suka yi ba, suna da ƙungiyoyi ne da gwamnan da ya riƙa yi musu talla.

Abin da ya hana namu shi ne awo da takarda. Mai walda a nan yana aiki da ido ne da ƙwarewar hannu. In ka ce ya yi maka gado ɗaya zai yi mai kyau, in ka ce ya yi 500 iri ɗaya, kowane ramin noti a wuri ɗaya ta yadda ƙafar wannan za ta shiga jikin wancan, a nan gizo yake saƙa. Ba shi da rajistar kamfani, ba shi da takardar haraji, ba zai iya jiran wata takwas kafin a biya shi ba. Saboda haka kwangilar sai ta tafi hannun mai kamfanin jaka, shi kuma ya zo ya ba mai walda aikin a kan kuɗin da bai kai rabi ba, ko ya yi odarsa daga Caina. Wannan giɓi shi ne ainihin wurin aikin ƙungiya: ta buɗe reshe a shiyyar Arewa maso Gabas, ta karɓi ƙungiyoyin maƙera da masu walda a matsayin mambobi a dunƙule tun da ɗaiɗaikunsu ba za su iya biyan kuɗin shiga ba, ta fitar da ma'auni a rubuce, ta haɗa su da kwalejojin fasaha domin gwajin kaya, ta kuma matsa wa gwamnati a ware wani kaso na irin waɗannan ƙananan kwangiloli a riƙa biya a kan lokaci.

Na san ƙorafin da za a kawo, kuma ƙorafi ne mai nauyi. Za a ce in ka koya wa maƙeri awo na zamani ka ba shi injin sassaƙa ƙarfe, ai ka gyara wa 'yan fashin daji hanya, gobe bindigar gida za ta fi ta yau kyau. Ba zan ce ƙarya ba ne. Za a samu wanda zai yi gadon soja da rana ya yi adaka da dare. Amma mu tambayi kanmu, yanzu da ba a koya musu ba, an daina? Sau nawa muke ganin 'yan sanda suna baje kolin bindigogi ƙirar gida a gaban 'yan jarida? Mafarauta da 'yan sintirin da gwamnatoci da kansu suke neman taimakonsu, a ina suke samun abin da suke rataye da shi? Fasahar tana nan, kasuwar tana nan, abin da babu shi ne wanda ya san su wa da wa suke yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta wajabta wa ƙasashe su yi rajistar masu ƙira na cikin gida, Nijeriya ma ta kafa cibiyar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2021. To wane maƙeri ne zai kai kansa a rubuta sunansa a littafin da ba abin da ke bayansa sai kamu? Amma in rajista tana nufin aiki da ciniki, da ƙafarsa zai zo. A Kumasi ta ƙasar Gana an gwada haɗa maƙeran yankin Ashanti a ƙungiya a farkon shekarun 2000 da wannan niyya. Abin bai kawar da ƙirar bindiga ba, amma ya sa hukuma ta samu wanda za ta zauna da shi. Mutumin da yake da abin da zai rasa ya fi sauƙin riƙewa, kuma 'yan sana'a sun fi kowane jami'in tsaro sanin ɓata-garin cikinsu.

Ƙorafi na biyu nawa ne, kuma ya fi damuna. Ƙungiyar masu sayar da kayan yaƙi ƙungiyar 'yan kasuwa ce, ba ta masu wa'azi ba. Shugaban Amurka Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, da zai sauka daga mulki a watan Janairun 1961 sai da ya gargaɗi mutanensa a kan haɗin bakin sojoji da masu masana'antun makamai. A Ingilar da na yaba ɗazu, an dakatar da binciken cin hanci a kan cinikin makamai tsakanin kamfanin BAE da Saudiyya a ƙarshen 2006 da hujjar tsaron ƙasa, daga baya a 2010 kamfanin ya biya tarar dala miliyan 400 a Amurka. Mu kuma nan gida mun ga zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da ya ɓullo a 2015, shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A ƙasar da kalmar "sirrin tsaro" take rufe bakin kowa, ƙungiya irin wannan tana iya zama inuwar da 'yan kwangila za su fake su raba ganima. Don haka dole a san mambobinta a fili, kuma kada a karɓi kowa sai an je an ga wurin aikinsa da ma'aikatansa da idanu. Dole kuma ta tsaya da ƙafafunta, ba a ƙarƙashin hammatar DICON ba, domin dokar 2023 ta mai da DICON mai ƙira kuma mai sa ido a kan sauran masu ƙira. Wanda yake kasuwa ɗaya da kai kuma shi ne alƙalinka, kana bukatar wanda zai iya ce masa a'a a madadinka.

Saura namu, mu ɗaliban harshe, kuma a nan nake so a tsaya a yi nazari. Ku duba kalmomin makamai a Hausa za ku ga tarihin da na zayyana a kwance a cikinsu. Abin da muke ƙerawa da hannunmu kowane ɓangare nasa yana da suna: baka yana da tsirkiya, kibiya tana da kyauro da kunne da dafi, takobi yana da ruwa da kaifi da kube. Maƙera kanta tana da uwar maƙera da masaɓa da awartaki da zugazugi. Da aka zo kan bindiga da albarushi da harsashi, daga Larabci muka aro su, amma da yake maƙeranmu sun taɓa su har mun samu kunamar bindiga da bakinta da gindinta. Daga nan sai tanka da roka da gurneti da bam, suna ɗaya tak ga abu dungurungum, ba mu san sunan komai a cikinsa ba saboda ba mu taɓa buɗe shi ba. Sojan mulkin mallaka da Hausa aka yi masa fareti, har Barikanci ya samu, a 2017 ma rundunar sojan ƙasa ta umarci dakarunta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai wannan Hausar ba da umarni ce da tambayar hanya. Hausar da ake rubuta ma'aunin ƙarfe da ita, wadda za a ce kauri kaza, zurfi kaza, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce rabin milimita ba, ita ce ba mu gina ba tukuna. In ƙungiyar ta zo Azare gobe da takardunta na Turanci, rabin waɗanda nake yi wa wannan faɗa ba za su iya karanta su ba.

Malamanmu sun yi irin wannan aiki a fannin nazarin harshe da adabi, littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 shaida ne, shi ya sa yau muke iya yin darasin ginin jimla gaba ɗaya da Hausa. Ba a yi wa ƙira haka ba. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri a kan jigo da salon littattafan da aka riga aka yi wa kundi goma. Ina roƙon sashe ya ware ko da ɗalibai biyar a bana, a tura su maƙerun Azare da tsohon garin Katagum da Gamawa da Shira da Misau, kowa da rikoda da littafi, su zauna da tsofaffin maƙera su rubuto sunan kowane kayan aiki, da kowane mataki na ƙira, da yadda suke faɗin awo da taurin ƙarfe da launin wuta. Wasu biyar kuma su zauna da masu walda da kanikawa su rubuto kalmomin da suka riga suka hausantar da kansu, domin suna da su da yawa, ba su jira mu ba. A haɗa biyun a kai wa malaman kwalejin fasaha su duba. Tsofaffin da suka ga ana narka tama da idonsu sun kusa ƙarewa, in ma akwai saura, saboda haka da su ya kamata a fara a wannan hutun.